Giwar Marina da Mutanen Sabo: Tarihin First Bank Tun Daga 1894

A yau da wuya ka bi layi ɗaya a Sabo ba ka ga lema da ɗan teburin mai POS ba, kuma da yawa daga cikinmu sun saba danna *894# a waya don tura kuɗin cefane gida ko biyan mai kaya. Amma kaɗan ne suka san cewa lambar nan ba haka kawai aka zaɓe ta ba. An ciro ta ne daga 1894, shekarar da aka kafa bankin da yau ake kira First Bank, mai tambarin giwa. Bankin ya girmi Najeriya kanta da shekara 20, tunda sai a 1914 aka haɗe Kudu da Arewa. Ya kuma girmi unguwarmu ta Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawan Ibadan a 1916.

Tarihin wannan banki da tarihin fataucin Hausawa a Kurmi sun fi shekara ɗari suna tafiya tare. Jirgin ruwa ɗaya suka hau, layin dogo ɗaya suka bi, kuɗi iri ɗaya suka ƙirga. Duk da haka ba kasafai suka zauna a tabarma ɗaya ba. Idan aka duba sana'o'in da bankin ya shiga, da wuraren da ya kafa gine-ginensa, da wasannin da yake ɗaukar nauyi, za a gane dalilin da ya sa kuɗinmu yake shiga banki cikin sauƙi, amma jarin banki yake wahalar shigowa unguwarmu.

Jirgin ruwa ne ya haife shi

Asalin bankin daga birnin Liverpool na Ingila yake, kuma masu jiragen ruwa ne suka kafa shi. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Elder Dempster ne ke riƙe da zirga-zirgar jiragen ruwa tsakanin Ingila da gaɓar Afirka ta Yamma, ƙarƙashin wani attajiri mai suna Alfred Jones. Wakilinsa a Legas, George Neville, shi ne ya ga cewa ciniki ya yi girman da ba zai ci gaba da tafiya da musayar kaya da kaya ba, dole sai an samu wurin ajiya da canjin kuɗi. Da farko wani banki mai suna African Banking Corporation ne ya buɗe reshe a Legas a farkon shekarun 1890, amma bai ga riba ba, sai ya sallama wa Elder Dempster harkar a 1893. A shekarar da ta biyo, 1894, aka yi wa sabon banki rajista da sunan Bank of British West Africa, da jarin da aka biya na fam 12,000. Ofishinsa na farko a Legas a cikin ofishin kamfanin jiragen ne yake.

Babbar ribarsa a lokacin ba rance ba ce. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ba shi ajiyar kuɗinta, ta kuma ba shi izinin shi kaɗai ya riƙa shigo da sababbin sulallan azurfa daga Ingila. Kun ga ke nan, jirgin Jones ne ke ɗauko kuɗin, bankin Jones ne ke raba su, kuma duk ɗan kasuwar da ke son sule sai ya biya la'ada. Cikin 'yan shekaru bankin ya bazu a gaɓar teku: Ankara ta ƙasar Gana a 1896, Firitawun ta Saliyo a 1898, sannan Kalaba da Gambiya.

A daidai wannan lokaci ne hanyar goro take sauya wa kakanninmu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa babbar kasuwar Gwanja, ayarin jakuna da ke shafe watanni a hanya ya fara ja da baya. Fatake suka gano cewa ana iya loda huhun goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana a sauke shi a Legas cikin 'yan kwanaki, daga nan ya kama hanyar Arewa. Jiragen da suke ɗauko sulallan banki su ne suke ɗauko goron Bahaushe. Wannan ita ce haɗuwar farko, kuma a kan bene ɗaya na jirgi aka yi ta, kowa yana harkar gabansa.

Daga wuri zuwa sule

Kafin zuwan sule, wuri ne kuɗi, shi ya sa ma har yau kalmar kuɗi take jam'in wuri. Keso guda wuri 20,000 ne, kuma kaya ne sosai, sai ƙato ko jaki. Mai babban ciniki yakan nemi riyal na azurfa ko ya mai da dukiyarsa dabbobi da tufafi. A 1904 Turawa suka hana shigo da wuri, sannan suka matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. Daga nan ne sule da sisi da taro da kwabo da anini suka shiga bakin mutane. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, bankin nan ya zama wakilinta. A shekarar ce kuma ya haɗiye abokin hamayyarsa, Bank of Nigeria.

Layin dogo ya iso Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Da ya isa, sai gyaɗa ta zama abin nema, kamfanonin Turawa suka cika Kano, kowane kaka ana loda akwatunan sulalla a jirgin ƙasa zuwa Arewa don biyan manoma. Jirgin da ke saukowa kuwa yana ɗauke da gyaɗa da fata da ƙirgi, da kuma shanu. Waɗannan shanun da goron da ke komawa su ne suka gina Sabo ta Ibadan, da Sabo ta Shagamu, da zangon Agege.

A 1917 aka samu banki na biyu mai ƙarfi, Colonial Bank, wanda ya koma Barclays a 1925, shi ne Union Bank na yau. Bankunan nan biyu suka riƙe ƙasar shekara da shekaru. Rancensu kuwa yawanci manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt ne ke samu, sai 'yan kasuwa Kwarori. Baƙin fata yakan iya ajiya, amma idan ya nemi rance sai a tambaye shi jingina mai takarda da littafin lissafi irin na kanti. Wanda dukiyarsa shanu ce a hanya, ko goro da ke iya lalacewa cikin mako, ko gidan ƙasa da aka gina a filin aro, ba shi da abin nunawa.

Bankin da ke cikin zaure

To, yaya aka yi cinikin shanu da goro ya bunƙasa ba tare da banki ba? Amsar tana cikin zaurukan Sabo. Maigida shi ne bankin. Idan falke ya sauko da shanu, a gidan maigidansa yake sauka, ya ci, ya kwana, a adana masa kuɗinsa. Dillalan maigida ne ke kai shanun kara su sayar wa mahautan Yarabawa, kuma yawanci bashi ake ba su, sai sun yanka sun sayar da nama su kawo kuɗi bayan 'yan makonni. Wa ya tsaya wa mahauci? Maigida. Idan mahauci ya gudu, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa, in ba haka ba sunansa ya ɓaci daga nan har Kano. Saboda haka dillali yakan san kowane mahauci, ya san gidansa, ya san bashin da ke kansa, ya san ko ya ƙara aure kwanan nan. Abin da bankunan yau suke kashe miliyoyi su sani game da mai neman rance, dillalin kara yana riƙe da shi a ka.

Akwai wata dabarar kuma. Kuɗin shanun da aka sayar a Kudu sau da yawa ba ya komawa Arewa a matsayin kuɗi, goro ake saya da shi a tura, a can a sayar a sake sayen shanu. Ke nan kaya ne ke tafiya, kuɗi yana zaune. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya yi bincike a kan wannan tsari, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya nuna shi ne cewa amana da lamuni ne jarin unguwar, kuma zama wuri ɗaya, da bin sarki ɗaya, da sallah a masallaci ɗaya, su ne suke sa mutum ya ji tsoron cin amanar ɗan'uwansa.

Ban da wannan akwai batun addini. Dattawa da yawa sun ƙi kai kuɗi banki ne don gudun riba, ba don rashin wayewa ba. Mata kuwa adashi ne bankinsu, da kwanukan jere da tasoshi da ake sayarwa ranar da ta ɓaci. Saboda haka bankin Turawa bai nemi Sabo ba, Sabo ma ba ta neme shi ba.

Raƙuma ashirin

Wanda ya fi shahara da ƙetare wannan iyaka shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya fara tara dukiyarsa a fataucin goro ta hanyar teku kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. Labarin da ya yaɗu shi ne a 1929 ya kai ajiyar sulallan azurfa kayan raƙuma ashirin reshen bankin na Kano. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma. Ana yawan ba da labarin don nuna arzikinsa, amma akwai wani abin lura a ciki: kuɗin nan an tara su ne a wajen banki. Bankin bai yi Ɗantata ba, ajiya kawai ya karɓa bayan aiki ya riga ya kammala.

Wannan hali na karɓar ajiya da ƙin ba da rance shi ya sa 'yan Kudu suka fara kafa bankunan kansu. An kafa National Bank of Nigeria a 1933, Agbonmagbe a 1945, wanda shi ne Wema na yau, sannan African Continental Bank na Dokta Azikiwe. Da yawa daga cikin ƙananan bankunan da suka ɓullo a lokacin sun rushe da kuɗin mutane, har gwamnati ta fito da dokar banki ta 1952. Arewa ta samu nata, Bank of the North, a daidai lokacin samun 'yancin kai. Shi kuwa Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli 1959, daga nan aikin kula da kuɗin ƙasa ya bar hannun bankin Turawa.

Suna bayan suna

Giwar ta sha canza suna. A 1957, shekarar da Gana ta samu 'yanci, aka cire kalmar da ke nuna Birtaniya, ya zama Bank of West Africa. A 1963 yana da rassa 59 a Najeriya da 41 a Gana. A tsakiyar shekarun 1960 Standard Bank na Landan ya saye shi, a 1969 aka yi wa ɓangaren Najeriya rajista da sunan Standard Bank of Nigeria, a 1971 kuma aka sa shi a kasuwar hannayen jari, 'yan ƙasa suka fara sayen hannun jarinsa. Dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na shekarun 1970 suka rage ƙarfin Turawa a ciki, har a 1979 ya ɗauki sunan First Bank of Nigeria. Samuel Asabia ne ɗan Najeriya na farko da ya shugabance shi.

'Yan Arewa ma sun hau kujerunsa na sama. Alhaji Umaru Mutallab ya riƙe shugabancin hukumar daraktoci daga 1999 zuwa 2009. Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi ya zama babban manajan darakta a Janairun 2009, ɗan Arewa na farko a wannan kujera, amma wata biyar kawai ya yi aka naɗa shi gwamnan Babban Banki.

Ba kullum ne tafiyar take lafiya ba. A ƙarshen Afrilun 2021 Babban Banki ya sauke hukumar daraktocin bankin da ta uwar kamfaninsa a rana ɗaya. Dalilin da aka bayar shi ne tarin basussukan da ba a biya ba, ciki har da waɗanda na cikin gida suka ci, da cire manajan darakta ba tare da izini ba. A lokacin masu ajiya a bankin sun haura miliyan 30. Abin ya kamata ya tsaya mana a rai: bashin da ya girgiza giwar ba na mai shago ba ne, ba na mai tireda ba ne, na manya ne masu jingina da takardu.

Inda giwa ta kafa ƙafa

Gini yana faɗin inda hankalin mai shi yake. Hedikwatar bankin tana lamba 35 a titin Marina na tsibirin Legas, a ginin da aka sa wa sunan Samuel Asabia, yana kallon ruwan da jiragen Elder Dempster suke tsayawa a da. A sauran garuruwa ma tsarin ɗaya ne. Tsofaffin rassan bankuna suna kusa da tashar jirgin ƙasa da kantunan Turawa da ofisoshin gwamnati. A Kano suna wajen ganuwa. A nan Ibadan suna Dugbe, inda kamfanonin koko suka yi sansani. Daga Sabo zuwa Dugbe ba wata tafiya ba ce a ƙafa, amma ga dattijon da bai iya cika fom da boko ba, wanda kuma babu mai jin harshensa a bayan kanta, nisan ya fi na ƙafa yawa.

A Maris na 2025 aka aza harsashin sabuwar hedikwata mai hawa kusan 40 a Eko Atlantic, sabon birnin da aka cike teku aka gina a gefen Victoria Island. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya halarci bikin. Daga ofishin aro a kamfanin jirgin ruwa zuwa dogon bene a kan ƙasar da aka ƙwato daga teku, ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma abin alfahari ne ga ƙasar. Sai dai har yanzu fuskar ginin teku take kallo.

Ginin bankin da ya fi taɓa rayuwarmu kuwa ba shi da bene ko ɗaya. Shi ne lemar mai POS. Wakilan bankin da ake kira Firstmonie sun haura 100,000 tun 2021, ban da na sauran bankuna da sababbin kamfanonin kuɗi na waya. Abin da rassan siminti suka kasa yi cikin shekara ɗari, yaro da ɗan inji a hannu ya yi shi cikin shekara goma: ya kawo banki bakin kara, bakin masallaci, bakin tashar mota, kuma da Hausa yake magana.

Giwa mai kasuwanci da yawa

Mai ƙaramin asusu yakan ɗauka banki wurin ajiya ne kawai. A gaskiya rukuni ne na kamfanoni. Bayan garambawul ɗin Farfesa Soludo na 2004 zuwa 2005, wanda ya ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25 ya rage bankuna daga 89 zuwa 25, manyan bankuna sun shiga kowace sana'a ta kuɗi. Da Babban Banki ya ce a raba ajiyar jama'a da sauran harkoki masu haɗari, sai aka kafa uwar kamfani, FBN Holdings, a 2012, wadda a 2025 ta koma First HoldCo. Attajirin nan Femi Otedola ne shugabanta tun farkon 2024.

A ƙarƙashinta akwai bankin da muka sani, da kamfanin adana kuɗin fansho, da masu juya dukiyar masu hali, da masu riƙon amanar wasiyya da kadara, da dillancin inshora. Wasu sassan an saye, wasu an sayar. Kamfanin inshorarsa, alal misali, Sanlam ta Afirka ta Kudu ce ta karɓe shi a 2020. A waje kuma yana da banki a Landan, ya shiga Kwango ta Kinshasa a 2011, sannan a 2013 ya sayi rassan wani banki a Gana da Gini da Gambiya da Saliyo, Senegal ta biyo baya a 2014. Wato ya koma garuruwan da kakansa ya fara buɗewa tun zamanin sulalla, waɗanda kuma akwai zangon Hausawa a yawancinsu.

Duk waɗannan sana'o'i a kan me suke tsaye? A kan ajiyar talakawa. Ƙananan asusu miliyoyi, waɗanda ba a biya musu wani abin kirki, su ne kuɗi mafi arha da banki ke samu, da su yake ba kamfanonin mai da sadarwa da gwamnatoci rance. Cinikin albasa da tumatir na Shasha, da na shanu a Akinyele, da na canji a Sabo, duk yana cikin wannan tafki. Mu ma masu jari ne a wannan gini, ko da ba a rubuta sunanmu a bango ba.

Dawaki, golf da ƙwallon kwando

Ɗaukar nauyin wasanni shi ne fuskar da banki ke nuna wa duniya. Mafi tsufa a nan shi ne kofin Georgian na wasan folo da ake yi a Kaduna, wanda ake danganta shi da bankin tun 1919. Folo wasan hafsoshin Turawa ne da sarakunan Arewa suka karɓa suka ƙware, musamman gidan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, da jikansa Janar Hassan Usman Katsina. Sai gasar golf ta Legas da ake yi a kulob ɗin Ikoyi fiye da shekara 60. A Kano bankin yana cikin waɗanda suka daɗe suna tallafa wa gasar tanis ta Dala. Yana da ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata, Elephant Girls, wadda ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2009, kuma wannan ya buɗe wa 'yan mata da yawa hanyar karatu da sana'a. A fannin ilimi ya kafa kujerun farfesa a wasu jami'o'i, har da ta ɗa'ar kasuwanci mai sunan Asabia a Jami'ar Legas.

Babu mai musun cewa waɗannan ayyuka suna da amfani. Amma a fahimci abin da suke: talla ce, kuma mai talla inda masu saye suke yake kai hajarsa. A filin folo da na golf ne ake samun masu manyan asusu, a can ake ƙulla cinikin da ba a ƙullawa a ofis. Ɗan Sabo da ke zuwa filin folo yawanci doki yake riƙewa ko ciyawa yake kawowa. Damben da muke yi, da musabaƙar Alƙur'ani, da gasar ƙwallon unguwa, da gyaran rufin Islamiyya, da karo-karonmu muke yin su, sai ɗan abin da wani alhaji ko ɗan siyasa ya miƙo.

Sai dai a yi adalci. Kamfani ba ya zuba kuɗi a inda babu wanda zai sa hannu a takarda. Yana neman ƙungiya mai rajista, mai asusu da sunanta, mai sakatare da ma'aji, mai iya kawo rahoton yadda aka kashe kuɗi. A nan ne muke da rauni. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa suna da mutane da kuɗi, amma da yawa ba su da takarda.

Abin da ya rage gare mu

Tsarin zaure da ya riƙe kakanninmu ya yi rauni. Waya ta sa mai kaya a Arewa yana magana kai tsaye da mai saye a Kudu, matasa da yawa ba su san maigida ba, kuma ajiye tsabar kuɗi a shago ya zama haɗari. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 ya nuna haka, domin wuta ba ta bambanta buhun albasa da jakar kuɗi. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya tilasta wa har dattawan da suka rantse ba su ba banki su buɗe asusu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Tunda shiga ta zama dole, a shiga da ido a buɗe. Na farko, kowane ɗan kasuwa ya buɗe asusu da sunansa da lambar BVN tasa, ya daina karɓar kuɗin ciniki a asusun yaron shago ko na mai POS. Abin da ke shiga da fita a asusunka shi ne shaidar da dillali yake bayarwa a da. Shi banki ke dubawa kafin ya yarda da kai, kuma shi magada za su samu in ta Allah ta kasance. Na biyu, a san cewa hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana tsaya wa mai ajiya har naira miliyan 5 ne a kowane bankin kasuwanci tun 2024. Waɗanda suke da kuɗi a Heritage Bank lokacin da aka soke lasisinsa a Yunin 2024 sun ga amfanin sanin wannan iyaka. Mai kuɗi da yawa ya raba ƙafa.

Na uku, mai gudun riba yanzu yana da zaɓi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, duk a kan tsarin da babu kuɗin ruwa. Samuwarsu ta ba mu bakin magana, domin bankin da ya san kana da wani wurin zuwa ya fi saurarenka. Na huɗu kuma shi ne mafi girma: ƙungiyoyin 'yan shanu, 'yan goro, 'yan gwari da 'yan canji su yi rajista, su haɗa lissafinsu, su je wa bankuna da murya ɗaya ƙarƙashin Sarkin Hausawa da dattawan unguwa. Su nemi lamuni na ƙungiya inda 'yan'uwa ke tsaya wa juna kamar yadda maigida yake yi a da, su nemi ma'aikata masu jin Hausa a rassan da ke kusa da mu, su nemi a sa makarantunmu da rijiyoyinmu da wasanninmu cikin kasafin tallafin da ake warewa kowace shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba roƙo ba ne wannan. Mutanen da suka yi shekara ɗari suna ba da shanu bashi a garin da ba nasu ba, babu takarda babu kotu, kuma cinikin bai rushe ba, sun san lamuni fiye da yadda ake zato. Abin da ya rage shi ne a rubuta wannan amana da harshen da banki ke karantawa, yaranmu da suka yi boko su zauna da iyayensu su yi aikin. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mana dukiya da mutunci, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.